Motar da Za Ta Kai Ni Wurin Lele

Ranar Talata

Yayana na kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara duka. Ya gareji, ya fama da jama'a? Ya kunnen nan naka? Na san za ka ce garau yake, mu ne ba ma buɗe baki in muna magana. To ni dai na gaji da ihu a waya har maƙwabta su san sirrina, shi ya sa na koma takarda. Sa tabarau ka zauna, maganar tana da tsawo.

Yaya, motata ta gama aiki. Tsohuwar nan da ka haɗa mini da hannunka shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ta ajiye ni a tsakiyar hanya ranar ziyarar iyaye a makarantar su 'yata Lele. Ka san makarantar kwanan tasu kilomita ɗari huɗu da talatin ce daga nan, kuma rana ɗaya tak ake buɗe wa iyaye ƙofa, Asabar ɗin ƙarshen wata, daga goma na safe zuwa huɗu na yamma. Na ci kusan rabin hanya sai allurar zafi ta haye sama, hayaƙi ya turnuƙe daga gaba. Na tsaya, na jira ta huce, na zuba ruwa a lagireta yadda ka koya mini. Da na murza makulli ta yi tari biyu, ta ce ga garinku nan. Bakaniken da na samu a bakin hanya ya ce injin ya buga. Na bar masa ita, na tari motar kaya, na hau gaba da kwandon Lele a cinyata. Ban isa ƙofar makaranta ba sai shida da rabi.

Maigadin ya gane ni, ya ba ni haƙuri, ya ce doka ce. Sannan ya gaya mini abin da ya hana ni sukuni har yau. Wai tun ƙarfe goma yarinyar take tsaye riƙe da ƙarfen ƙofa tana leƙa kowace mota, ko abincin rana ba ta je ba, sai da aka kaɗa ƙararrawa mai kula da ɗakinsu ta janye ta. Wancan watan ma Tsohuwa ta makarar da ni, minti ashirin kawai na samu da ita. Kuma ka sani, tun rasuwar babanta ba ta da mai zuwa mata ranar nan sai ni.

Lahadi uku ke nan a jere ina kiran wayar mai kula da su, Lele ba ta zuwa. Wai tana wanki. Yarinya 'yar shekara goma sha uku, wane irin wanki ne ba ya ƙarewa mako uku? Fushi take yi, Yaya, kuma tana da gaskiya. Fushin ma da sauƙi. Tsorona kada ta saba da rashina, ta cire ni daga cikin waɗanda ake jira.

Saboda haka na yanke shawara: motar lantarki zan saya.

Na ga ka cire tabarau ka ajiye takardar. Ɗauko ta, ban gama ba. Na san sunan da ka sa musu, wai wayar hannu mai taya huɗu. Amma abokiyar aikina a ɗakin gwajin jini shekara biyu ke nan tana hawa tata, in ban da taya da ruwan wanke gilashi ba abin da ta taɓa canzawa. Ba lagireta, ba fambel, ba baƙin mai. Duk abin da ya taɓa zubar da ni a hanya babu shi a cikinta. Asibitinmu ma ya kafa wa ma'aikata wurin caji a bayan wurin ajiye motoci. Abin da ban sani ba shi ne yadda take da doguwar tafiya, kuma shi zan bincika kafin in miƙa wa kowa ko sisi.

Watan nan babu ziyara saboda jarrabawa, sai ƙarshen watan gobe. Ina da mako biyar. Ko ana ha maza ha mata, ranar nan ina cikin makarantar nan kafin a rufe ƙofa.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce na gode da zanen. Ka rage tsayuwa kusa da injin niƙan ƙarfen nan, shi ya cinye maka kunne.

Ƙanwarka,
'Yar Gardama

*

Ranar Jumma'a

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ciwon bayan da Anti ta ambata ya lafa. Ya yara da karatu? Takardarka ta iso, na karanta ta sau biyu, na yi dariya sau uku. Wai da tsohuwar zuma ake magani, in kawo Tsohuwa ka sake mata inji. Na gode, Allah ya bar zumunci, amma zumar nan ta riga ta tsotse, saura saƙa.

Bari in ba ka labarin wurin masu sayar da motoci. Na tarar da wani matashi mai kwat, ni dai Zaƙin Baki na sa masa. Tun daga ƙofa ya ja ni wurin wata fara ƙatuwa, kujerunta kamar na falo, ya ce caji ɗaya tana cin kilomita ɗari biyar da ashirin. Na ce to ai ni shi ke nan, zan je makarantar ba tsayawa har da ragi. A gefenta akwai wata 'yar shuɗiya, ba ta da wani kwarjini, ita ɗari uku da tamanin aka rubuta mata. Na tambaye shi wa ya auna wannan nisan, a wace hanya, da kaya ko ba kaya, da esi mai sanyaya mota ko ba esi. Sai ya yi murmushi ya kunna mini rediyon motar in ji daɗin sautinta. A nan na gane in ina son gaskiya sai na neme ta a wani wurin.

A wurin cajin asibiti na same ta. Akwai wani dattijo mai tasi da ke kawo marasa lafiya, motarsa ta lantarki ce, ya yi shekara huɗu yana gasa mata aiki. Na tsare shi da tambaya har shayinsa ya huce. Ya ce lambar da ke jikin takarda in cire mata kashi ɗaya cikin huɗu in na hau babbar hanya, in kuma akwai hawa da gudu da esi in ƙara cirewa. Ya ce mai doguwar tafiya ba girman batir kaɗai yake dubawa ba, yana duba saurin shan cajinta, da kuma ko bakinta ya dace da filogin tashoshin da ke hanyarsa, don ba duka ba ne iri ɗaya. Sai ya kawo wadda ta fi ba ni mamaki. Wai batir yana shan caji da sauri har zuwa kashi tamanin cikin ɗari, daga nan sai ya koma tsotsa kaɗan-kaɗan, kamar cusa kaya a akwati, na farko zubawa kawai ake yi, na ƙarshe sai an hau an danna. Ya ce a hanya in ta kai tamanin in zare in tafi, na gaba ya ƙara mini.

Gani ya kori ji. Ranar hutuna na ɗauki littafi da biro na shiga bas, na bi hanyar makarantar da ƙafata. Tashoshin caji uku ne. Ta farko a kilomita ɗari da hamsin, jikin wani gidan mai. Ta biyu a ɗari biyu da saba'in, bayan wani babban kanti. Ta uku a ɗari uku da sittin, cikin harabar wani otal, daga ita sai hawan tsaunin da ke kai wa makaranta. A kowace sai in sauka, in ɗaga filogi in leƙa bakinsa, in ɗauki hoto, in tambayi ma'aikatan sau nawa take lalacewa, sannan in jira wata bas ɗin. Wani yaron mota har ya tambaye ni ko daga hukuma aka turo ni. Na dawo gida ƙafafuna sun kumbura, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da na gano. Farar nan ta Zaƙin Baki bakinta bai dace da biyu daga cikin tashoshin uku ba, kuma jan ƙafa take yi wajen shan caji. In na cire abin da mai tasi ya ce, ɗari biyar da ashirin ɗinta ba za su kai ni ƙofar makaranta ba, a gindin tsauni za ta ajiye ni da kujerunta na falo. Shuɗiyar kuwa duk ukun sun karɓe ta, kuma cikin minti ashirin da 'yan kai take tashi daga ƙasa zuwa tamanin. Ita na zaɓa. Zaƙin Baki ya yi ta cewa babbar mace kamata ai babbar mota ta dace da ita. Na ce masa ba taro zan je ba, wurin 'yata zan je.

Lele har yanzu tana wanki.

A gaida mutanen gareji, musamman mai fenti, ka ce ina nan ina jin labarin sabuwar rumfarsa.

Taka,
'Yar Gardama

*

Ranar Laraba

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Wannan gajeruwa ce, aiki ya yi mana yawa a ɗakin gwaji.

Shuɗiya ta zo gida. Mai gidan da muke haya ya so ya kawo cikas, wai zan ƙona masa wayoyin gini, sai da na kawo mai gyaran wuta ya ja mini layi daban da mita daban zuwa inda nake ajiye mota, sannan ya saki fuska. Yanzu shi ne yake kiran baƙinsa su zo kallo. Ba ta da ƙara ko kaɗan, Yaya. Ranar farko sau biyu ina sake danna maɓallin tayarwa ina zaton ta mutu. Kai kam za ku shirya da ita, daga kai har ita ba ruwanku da hayaniya.

Na ga gargaɗinka a ƙasan takarda, har da ja masa layi biyu: ko jaki nake hawa, kada in bar tasha sai cikinsa ya cika har wuya. Tun ina 'yar shekara goma sha tara kake dasa mini wannan a kai, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Amma mai tasi ya ce wannan dabbar dabam take.

Na roƙi mai kula da su Lele ta isar mata da kalma biyu kawai: zan zo. Ta ce ta faɗa mata, yarinyar ta gyaɗa kai ta ci gaba da ninke kaya. Abu ɗaya ke damuna, safiyar Asabar sai na miƙa aiki ga wanda zai karɓe ni kafin in kama hanya, na nemi canji ban samu ba. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
'Yar Gardama

*

Ranar Lahadi, daga ɗakin baƙi na makarantar su Lele

Yayana abin alfaharina,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, kai da Anti da yara. Ni ma lafiyata ƙalau, kada ganin inda nake rubutowa ya tayar maka da hankali. Na iso. Amma bari in faɗa maka yadda na iso, don da hannunka a ciki.

Wanda zai karɓe ni aiki ya makara, ban bar gari ba sai takwas da rabi. Duk da haka lissafina ya nuna zan isa wajen uku saura. Goma da rabi ina tashar farko, batir ya sauko rabi. Na sa filogi, na sayi ruwa, kafin in gama sha ta kai tamanin. Na miƙa hannu zan zare, wallahi Yaya sai na ji muryarka a kunnena, da layinka biyu. Na ce bari dai ta cika, me zai ci minti goma? Na zauna ina kallon lamba tana rarrafe. Tamanin da biyar. Casa'in. Kowane ɗaya sai ya ja rai kafin ya zo. Na san kuskure nake yi, mai tasi ya gaya mini ƙarara, amma hannuna ya ƙi. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa barin tasha da tanki a buɗe ba. Sai da ta ce ɗari na tashi, na duba agogo, sha biyu saura ashirin. Minti hamsin na zubar a banza.

Daga nan sai na ƙara wauta a kan wauta. Na taka ta don in rama lokaci, esi a kunne, ita kuwa tana zuƙe batir kamar mai ƙishin kwana uku. Da na zo tasha ta biyu na ce ai na cika ɗazu, na wuce ko waiwaye ban yi ba. Sauri ya haifi nawa. Ƙarfe biyu daidai na shiga harabar otal ɗin nan da kashi goma sha bakwai, ga kilomita saba'in na hawa a gabana, waɗanda ba za su ci ƙasa da ashirin da bakwai ba.

Filogi biyu ne a wurin. Ɗaya an rataya masa kwali wai ya lalace. Ɗayan wani bawan Allah mai ƙaton tumbi ya sa a motarsa, ya kwantar da kujera yana danna waya. Na leƙa allon, tamanin da takwas. Ciwona ne sak yake damunsa. Na ƙwanƙwasa gilashi, na gaishe shi, na roƙe shi. Ya ce shi sai ta cika, haka ya saba. Yaya, na ajiye kunya a gefe. Na karanta masa karatun mai tasi kaf, har da akwatin. Da na ga bai motsa ba na gaya masa labarin yarinyar da ta yini riƙe da ƙarfen ƙofa, ma'aikatan otal suna kallo. Ya yi tsaki, ya yi gunaguni, amma ya fito ya zare da kansa ya miƙo mini. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Biyu da minti ashirin na sa. Tana kaiwa talatin na zare, ko minti goma ba a yi ba. Na kashe esi, na kashe rediyo, na hau tsaunin nan a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ido ɗaya a kan agogo, ɗaya a kan batir. Manyan motoci suna yi mini hon, ko gezau. Huɗu saura kwata na shiga ƙofar makaranta da kashi uku. Maigadin har da tafi.

Lele ba ta bakin ƙofa. Can na hango ta a filin taro cikin masu kwashe kujerun baƙi. Ashe da kanta ta nemi a sa ta aikin tun safe, don kada ta tsaya kallon hanya. Da ta gan ni ta ajiye kujerar da ke hannunta, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni yadda ake gaida malama. Duk abin da na tambaya, lafiya lau. Na rungume ta, jikinta a sandare. Ta karɓi kwando ta yi godiya. Wannan godiyar ta fi zagi ciwo, Yaya.

Da aka kaɗa ƙararrawa ba ni da batirin da zai mayar da ni ko otal ɗin. Shugabar makaranta, mace mai kirki, ta ba ni ɗakin baƙi, ta ce in ja motar zuwa ɗakin koyon kafinta da ke kusa da famfon ɗalibai. Na zaro igiyar cajin da ke shiga soket ɗin bango na gida, na sa wajen ƙarfe biyar. Irin wannan cajin tafiyar hawainiya yake yi, amma na lissafa zuwa safe za ta wuce rabi, in kama hanya da takwas. Lele tana tsaye da kwandonta lokacin da nake yi wa shugabar wannan bayani. Ina gamawa ta wuce ɗakinsu.

Yau da safe na je na duba. Kashi tara.

Na ce shi ke nan, Yaya ya yi gaskiya, na sayi wahala. Na nemo maigadi, ya rantse ba a ɗauke wuta ba ko na minti ɗaya. Na bi igiyar har cikin ɗakin kafinta. An zare ta daga bango. Ba fizge ta aka yi ba, an naɗe ta tsaf an ɗora a kan benci, an kuma lulluɓe kan filogin da hankici don kada ƙurar katako ta shiga. Na ɗaga hankicin. A gefensa akwai lambar Lele, ɗari biyu da goma sha huɗu, da jan zare, ɗinkin hannuna, daga lokacin da nake haɗa mata kayan makaranta.

Na daɗe zaune a kan bencin nan. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, irin wanda ban yi ba tun rasuwar babanta.

Ban tambaye ta ba, kuma ba zan tambaya ba. Na mayar da filogin, na buga waya wurin aiki na ce kada su sa ran ganina gobe, na je na gaya wa shugabar cewa motar ba za ta tashi yau ba. Ta dube ni, ta dubi hankicin da ke hannuna, ta ce ranar Lahadi ba a darasi, yarinyar tana iya yini a nan. Ga ta can zaune a bakin gado tana cin abin da na kawo mata, ta juya mini baya, amma ta ɗora ƙafarta a kan tawa.

Ka gaishe da Anti da yara. In na dawo zan biyo ta wurinka ka ga Shuɗiya, ka buɗe gabanta ka nemi lagireta.

Ƙanwarka har kullum,
'Yar Gardama